Signal Desktop a kan Librem 5: yana aiki, amma da wuya

Signal Desktop manhajar aika saƙo ce ta kwamfuta, Librem 5 kuma waya ce mai amfani da tsarin Linux. Kunshin Linux da Signal ke fitarwa na kwamfutoci masu injin sarrafawa (processor) nau'in x86_64 ne, Librem 5 kuwa nata nau'in arm64 ne, don haka sai dai a sa wanda masu sa kai suka harhaɗa. Kuma Signal Desktop ba ya yin rajistar lambar waya da kansa: dole a haɗa shi da wayar Android ko iPhone ta lambar QR.

Saƙonni na tafiya lafiya lau. Sai dai Electron, tsarin da aka gina Signal Desktop a kansa, na cinye kaso mai tsoka na RAM 3GB, rubutu kuma na cunkushewa a allon inci 5.7. Babbar matsalar ita ce idan Librem 5 ta yi barci (yanayin adana batir), saƙo ba ya shigowa sai ta farka. A hana ta barci kuma, batir ya ƙare da wuri. A riƙa sabunta shi, domin bayan kwana 90 tsohon kunshi ya daina aiki.