Kalar jel ko ta ruwa? Ki sayi jel kawai

'Yar uwa, batun kalar aisin, wato abin zaƙin da ake shafa wa kek, da kika tambaya, jel ko ta ruwa, ni dai jel zan ce miki ba tare da wani dogon tunani ba, don ta ruwa ta taɓa kunyata ni. Kek ɗin bazdei na 'yata ne, tana son ja irin jajawur ɗin nan, na ɗauko 'yar kwalbar kalar ruwa ina ɗigawa ina juyawa, ɗigo goma, ɗigo ashirin, sai da na kusa juye rabin kwalbar amma abin nan ruwan hoda ne kawai yake ƙara duhu, gashi botakirim ɗin, wato aisin na bota da sukari, ya tsinke ya koma kamar man shafawa, furen da na matsa a kai kafin in gama zagaye ɗaya na farkon ya kwanta. Da na lasa kuma ɗaci. Ranar haka na rufe shi da 'yan ƙyalƙyali na yi shiru da bakina.

Kalar ruwa yawancinta ruwa ne, launin cikin kaɗan ne, shi kuwa botakirim mai ne da sukari, ruwa in ya yi yawa sai ya lalata masa jiki. Ba wai bata da amfani sam ba, in launi mai haske kike so a ƙullin kek tana yi. Iyakarta kenan.

Jel kuwa wallahi tun da na fara ban waiwaya ba. 'Yan ƙananan gwangwanayen kamfanin Wilton ne na fara saya, masu giram 28, da na gansu ma raina su na yi na ce wannan ai kek biyu zai ƙare, amma shuɗin nan ya fi shekara a wurina. Tsinken sakace kike tsomawa ki shafa a jikin aisin ki juya, in bai kai ba ki ɗauki sabon tsinke, kar ki mayar da wanda ya taɓa bota cikin gwangwanin don zai ɓata miki sauran. Da yake jel kauri gareta, da gilisarin (wani ruwa mai kauri) ake haɗa ta, ɗan mitsitsi ke ba da launi, aisin ɗinki na nan da ƙarfinsa. Akwai AmeriColor ma, su a robar matsawa suke zuwa, sun fi sauƙi in kina son ƙirga ɗigo ki rubuta don ki sake samun launin daidai wani lokaci. Sugarflair na Ingila kuma suna da Red Extra da Black Extra, su na fi so wa fondan, aisin ɗin nan da ake murzawa a lulluɓe kek da shi.

Sai dai ki sani ko jel ɗin kika saya, in kika haɗa ja ko baƙi kika ce yanzu-yanzu zaki shafa, sai kin zagi mai shagon a banza. Launi nuna yake yi. Ki haɗa yau, ki tsaya tun yana ɗan ƙasa da abin da kike so, ki rufe ki sa a firji ya kwana, gobe ki fito da shi ya huce ki sake juyawa, zaki ga ya yi duhu da kansa. In sauri kike, ɗebi kamar kwata ɗin aisin ki sa a maikirowef sakan 5 zuwa 10 ya ɗan narke, launin zai fito nan take, sai ki mayar cikin sauran ki juya ki bari ya daskare kaɗan. Baƙi kuma kar ki fara daga fari, zaki zuba ta zuba ki ƙare da ruwan toka, yara su ci haƙora da harshe duk su rine. Fara da hodar koko ta cakuleti aisin ya zama ruwan ƙasa mai duhu, sannan ɗan baƙin jel, sai ki ga baƙi ƙirin. Ja ma haka, fara maida shi ruwan hoda tukuna sannan ki ɗora ja, kalar da zaki kashe ta ragu sosai.

Wani abin da ya daɗe yana ɗaure min kai shi ne in sa shuɗi in ga yana komawa kore. Ashe botar ce, ita ai rawaya ce, rawaya da shuɗi kuma kore suke bayarwa. Ki buga botar ita kaɗai minti 5 ko fiye har ta yi haske kafin ki zuba garin sukari, sannan ki taɓa ɗan shunayya da bakin tsinke, kaɗan fa, irin wanda da ƙyar ido zai gani, yana kashe rawayar. Kuma in kin gama kar ki ajiye kek inda rana ke dukansa, shunayya da ruwan hoda saurin koɗewa garesu.

Wuri ɗaya da jel bata yi shi ne farar cakuleti narkakkiya, don akwai ɗan ruwa a cikinta, cakuleti kuwa da ta ji ruwa sai ta dunƙule ta yi tsaki-tsaki. Nan sai kalar da aka haɗa da mai irin Colour Mill ko ta hoda. In ba cakuleti kike yi ba ki bar su tukuna.

Baki tambaya ba amma zan faɗa, ki kula da masu sayarwa. Wasu suna juye kala a 'yan robobi marasa suna su ce jel ce, alhali sun sirka da ruwa, wasu kuma su goge ranar ƙarewa. Ki karkata kwalbar, in ta gudu kamar ruwa ki ajiye musu kayansu. Wanda ya fi tsoratar da ni ma hodar ƙyalli ce ta zinare da azurfa, akwai wadda ado kawai aka yi ta domin shi, a jikinta an rubuta ba guba ba ce amma ba a rubuta ana ci ba, mai saye bai sani ba mai sayarwa kuma ba zai faɗa ba. A Amurka an samu yara da suka kwanta ciwo a 2018 da 2019 saboda tagulla da dalma da ke cikin irin wannan hoda a kan kek. In babu jerin kayan haɗi a jiki kar ki ɗora a abin da za a ci. Ki duba jan ma, in kin ga Red 3 ko E127 ita ce mai ɗacin nan, hukumar abinci ta Amurka ma ta soke izininta a Janairun 2025, akwai jan da aka rubuta mara ɗaci shi zaki nema.

Ba sai kin sayi kwali mai kala goma sha biyu ba. Ɗauki ja, shuɗi, rawaya, baƙi da shunayya na jel, kore da ruwan goro ki haɗa da kanki. Jan ki sayi biyu, shi ke fara ƙarewa.