Man kanumfari da man turare a kan tsutsar sauro: abin da na gani a gidana

Tun farkon Agusta gologon bayan gidanmu a unguwar Zariya ta Maradi ya zama masaukin sauro. In ka leƙa da safe sai ka ga ruwan yana motsi, tsutsotsi sun rataye kai ƙasa suna wutsil-wutsil. Ƙanwar maigidana ce ta ce mini man kanumfari da man itacen turare suna kashe su. Na sayo kwalabe biyu a babbar kasuwa, kowace ba ta wuce tsawon yatsa ba, jaka uku duka. Mai shagon har da rantsuwa: "Hajiya, ɗigo biyar ya ishe ki damina guda."

Ban zuba a gologo kai tsaye ba. Na ɗebi ruwan da tsutsarsa a tsofaffin kwanoni uku. Ranar farko asara na yi, don mai ba ya haɗuwa da ruwa; ya dunƙule gefe guda, tsutsotsin suka koma ɗaya gefen suna harkarsu. Washegari na kaɗa shi da ɗan sabulun ruwa kafin in zuba. Kwanon kanumfari, kafin la'asar duk sun kwanta a ƙasa. Na turare sai da ya kwana, kuma da safe akwai masu sauran motsi. Kwano na uku sabulu kaɗai na sa, shi ma ya kashe wasu, don haka ba duka yabon ne na mai ba.

A gologon kansa aka yi ta ta ƙare. Man ya yi aiki, amma ƙamshin bai wuce kwana biyu ba a zafin ranar Maradi, ga ruwan wanka yana shiga safe da yamma yana tsinka shi. Kwana na biyar sababbi sun ƙyanƙyashe. Da zafin nan, daga ƙwai zuwa sauro mai fiffike mako guda ne ko kwana 10, ke nan kowane mako sai an sake. Kwalbar da aka ce ta damina ce, sati biyu ta yi. Kanumfarin kuma yana da zafi. Ya taɓa mini bayan hannu, na wuni yana raɗaɗi. Randar sha ban ko kusance ta da shi ba, kwanonin ma sai da na ɗora su kan katanga saboda kaji.

Abin da ya fi sanyaya mini gwiwa maƙwabciyata ce, ma'aikaciyar jinya. Ta leƙa kwanon ta ce, "Yaya, waɗannan ai na ruwan ƙazanta ne, masu hana barci. Na zazzaɓi a kwance suke shimfiɗe a saman ruwa." Shi wancan ya fi son ruwan sama da ya kwanta a rana, kududdufin kan hanya, sawun shanu, ramukan masu bulo, da fadamar Gulbi. Wa zai bi waɗannan da kwalbar jaka ɗaya da rabi?

Yanzu man bedi nake zubawa. Shi matsa ƴaƴan ake yi, ba ta tururi ake tatso shi kamar na kanumfari da na turare ba, ya fi araha nesa ba kusa ba. Ba ya kisa nan take, hana tsutsar saɓa yake yi har ta mutu ba ta yi fiffike ba, sai dai warinsa sai mai haƙuri. Tsofaffin tayoyi da gwangwanaye na kife su, tano na rufe da murfi. Sange yana nan kan kowane gado, ƙaramin ɗana kuma bai tsallake maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kowane wata na damina ba.

Man turare ba zan ƙara saye ba. Ragowar kanumfarin na ajiye don ƙaramin mazubi irin kaskon da ba ya kifuwa, gologo kuwa maigida ya yi magana da magini a zuba masa murfin siminti bayan kaka.