Jar tana ko tanar Afirka, wacce za ka zuba a akwatin taki?

Akwatin taki shi ne wanda ake kiwon tana a ciki, ta riƙa cin shara tana mayar da ita taki. Jar tana, wato Eisenia fetida, ƙarama ce amma akwai juriya, a sama-sama take kiwo, ɓawon ayaba, ragowar kabeji, kwali da aka jiƙa duk tana ci da zarar sun fara ruɓewa, kuma sanyi bai cika damunta ba. Ita kuwa tanar Afirka, wato Eudrilus eugeniae, asalinta Afirka ta Yamma ne, ta fi girma ta fi ci, ka ba ta kashin shanu da ya kwana biyu ya huce ka ga aiki, sai dai fa in sanyi ya yi tsanani mutuwa take, in akwatin ya bushe kuma guduwa take da daddare. Ni dai a zafinmu ta Afirka zan ɗauka, a inuwa, da buhu jiƙaƙƙe a kai. Dukkansu kar a ba su gishiri, mai ko barkono.