Tikiti a hannu, ƙofa a rufe: bitar tsarin shiga bikin rantsar da Obama na 2009

Tikitin kallon rantsar da shugaban Amurka ba na sayarwa ba ne. Kwamitin haɗin gwiwa na majalisun dokokin ƙasar biyu ne ke buga shi, ya raba wa sanatoci da 'yan majalisar wakilai, su kuma su raba wa mutanen mazaɓunsu kyauta. A bikin rantsar da Barack Obama na ranar 20 ga Janairun 2009 an buga kusan guda 240,000, kuma Sanata Dianne Feinstein ce ke shugabantar kwamitin. Neman tikitin ya yi zafi har ana tallarsa a intanet kan dubban daloli, sai da kamfanin eBay ya hana cinikinsa a shafinsa. Alkawarin da ke cikin takardar guda ɗaya ne: mai ita zai samu wurin zama ko na tsayuwa a gaban ginin Capitol, mazaunin majalisun dokokin ƙasar da ke birnin Washington. Idan aka auna aikin da wannan alkawari, za a ce tsaro ya ci jarrabawa, sufuri ya yi ƙoƙari, shigar da masu tikiti kuwa ya faɗi warwas.

An kasa filin gida-gida, kowane yanki da launin tikitinsa da ƙofarsa. Masu kujera suna can gaba. Masu shunayya da masu shuɗi tsayuwa za su yi, shunayya ta ɓangaren arewa, shuɗi ta kudu, sai masu ruwan azurfa a baya, wajen tafkin da ke gaban ginin. Bayan su kuma filin National Mall ne, wanda aka buɗe wa kowa ba tare da tikiti ba. A takarda tsarin ba shi da aibu. Launi abu ne da ko wanda bai iya karatu ba zai gane, kuma taswirar ta nuna wa kowa ƙofarsa.

Abin da taswirar ba ta nuna ba shi ne yadda mutum zai kai ƙofar. An kiyasta mutum miliyan 1.8 suka hallara a ranar, jiragen ƙasa na birnin Washington kuma suka yi jigilar fasinja sama da miliyan 1.1, adadin da ba su taɓa yi a yini ɗaya ba. An rufe titin Pennsylvania Avenue saboda faretin da za a yi bayan rantsuwa, sai tsakiyar birnin ta rabe biyu. Wanda ya sauka a arewa alhali ƙofarsa tana kudu, dole ya nemi mashiga, kuma ɗaya daga cikin 'yan mashigan da aka bari ita ce hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa da ke bin layin titin Third Street. An tanade ta don a ratsa a wuce. Tun da asuba layin masu tikitin shunayya ya yi tsawo har ya rasa inda zai miƙe, wutsiyarsa ta shige cikin ramin. Wanda ya zo ya tarar da mutane riƙe da tikiti irin nasa sai ya bi bayansu, kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Dubban mutane suka shafe sa'o'i a ciki, cikin sanyin da ya sauka ƙasa da sifiri, babu jami'in da ke kula da layin, babu lasifika, babu wanda ya zo ya ce musu gaban layin ya narke cikin cunkoson da ke bakin ƙofa. Waɗanda suka zo daga baya ta wasu tituna suka tarar da bakin ƙofar kai tsaye, wasunsu suka shiga. Mai bin doka ne ya yi asara.

A nan ne babban laifin yake. Hukumar Secret Service, mai tsaron shugaban ƙasa, ce ke jagorantar tsaron bikin, 'yan sandan Capitol na riƙe da harabar majalisa, 'yan sandan birni na riƙe da tituna, 'yan sandan wuraren shaƙatawa na tarayya na riƙe da National Mall, kwamitin majalisa kuma shi ya buga tikiti. Kowa ya tsare gonarsa. Tazarar da ke tsakanin tashar jirgi da na'urar bincike, inda mutum ke ɓata mafi yawan lokacinsa, ita ce ba ta da mai ita. Jami'in tsaro aikinsa ya hana makami wucewa, kuma idan ƙofarsa ta yi nawa babu wanda zai tuhume shi. Mai buga tikiti ya gama aikinsa tun ranar da ya miƙa ambulan. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Sai lissafin ƙofa, wanda ko ɗan sakandare zai iya yinsa a bayan ambulan ɗin. A ɗauka yanki zai ci mutum 50,000, ƙofa za ta buɗe ƙarfe 8 na safe, ana so kowa ya shiga kafin 11:30. Sa'a uku da rabi ke nan. Idan kowane mutum zai ɗauki daƙiƙa 10 a na'urar gano ƙarfe, na'ura ɗaya za ta wuce da mutum 360 a sa'a, wato 1,260 a tsawon lokacin, don haka ana buƙatar na'ura 40. To amma a watan Janairu ake bikin. Kowa ya jibga rigar sanyi mai zif da maɓallan ƙarfe, aljihu cike da waya da kyamara da makullai, hannu cikin safa. Idan daƙiƙa 10 ta koma 15, na'ura ɗaya ta dawo mutum 240 a sa'a, buƙata ta tashi zuwa na'ura 60. Wannan ma idan mutane sun zo daidai wa daida ne, alhali taro ba ya zuwa haka, tuɗaɗowa yake yi lokaci guda duk sa'ad da jirgi ya sauke. Kuma duk mintin da na'ura ta zauna ba kowa a gabanta saboda cunkoso ya toshe hanyar isowa gare ta, ya tafi ke nan, ba a rama shi. Wannan ne ya sa ake iya ganin jami'ai a tsaye suna jiran mutane a cikin shinge, dubbai kuma na matse a waje. Masu kula da filayen ƙwallo a Birtaniya sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa kada a lissafa wa ƙofar juyi ɗaya, wato ƙofar da ke wuce da mutum ɗaya-ɗaya, fiye da mutum 660 a sa'a, ga shi kuwa ita tikiti kawai take dubawa, ba ta laluben aljihu.

Bikin rantsuwa kuma ba ya jira. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ce wa'adin sabon shugaba yana farawa da ƙarfe 12 na ranar 20 ga Janairu. Wasan ƙwallo ana iya ɗage shi da rabin sa'a, wannan kuwa ba a iyawa. Duk wanda bai wuce na'ura ba kafin lokacin, tikitinsa ya zama abin ajiya.

Kuskure na biyu shi ne rashin shingen tacewa. Taro irin wannan yana buƙatar zobe biyu. Na waje, kamar mita 200 zuwa 300 kafin na'urori, ba a bincike a cikinsa, ido kawai ake sawa: ɗaga tikitinka sama, idan launin ya dace ka wuce, idan bai dace ba ga hanyarka can. Ma'aikaci ɗaya zai iya tace mutane da yawa a minti ta haka. A Washington marasa tikiti masu neman hanyar National Mall ko wurin fareti, da masu tikitin wani launi da suka ɓata, duk sun cakuɗe da masu shunayya a mahaɗar tituna ɗaya. Wanda aka kora daga bakin ƙofa dole ya juyo ya keta cikin masu turowa, kuma babu abin da ke kashe tafiyar layi kamar mutane biyu masu fuskantar juna a matsattsen wuri. Bayan zoben waje ya kamata a ga layuka na shingen ƙarfe masu lanƙwasa, faɗinsu bai wuce na mutum biyu ba, kowane layi na kaiwa ga rukunin na'urorinsa, da hanyar fita daban ga wanda aka mayar, da wata kuma a buɗe don motar asibiti.

Alamomin hanya ma sun gaza. Allon da aka kafa daidai tsayin mutum ɓacewa yake da zarar mutum ɗari sun tsaya a gabansa. Sai an ɗaga shi sama da mita 3, da launin tikitin ɓaro-ɓaro, an maimaita shi tun daga bakin tasha. Waya kuma ba abin dogaro ba ce a wurin da mutum sama da miliyan ke neman layi lokaci guda. Lasifikar hannu da ma'aikaci a kan ɗan dandamali a kowace mahaɗa sun fi kowace manhaja amfani a irin wannan safiya, domin mutumin da aka gaya wa gaskiya cewa sauran sa'a biyu kafin ya kai ƙofa zai iya yanke shawara ya koma gaban babban allo. Wanda aka bari cikin duhu ba ya motsawa, yana tsoron rasa wurinsa.

Dole a yaba abin da ya yi kyau. Manyan allunan talabijin da aka jera a National Mall sun yi aikinsu. Hoton da tauraron ɗan'adam na GeoEye-1 ya ɗauka da ƙarfe 11:19 na safiyar ya nuna mutane sun taru dunƙule-dunƙule a gaban kowane allo, wato allunan sun rarraba taron maimakon kowa ya danno gaba. Abin takaici shi ne wanda ya zo hannu rabbana ya ga rantsuwar a allo, mai tikitin da ya taso daga wata jiha mai nisa kuwa ko sautinta bai ji ba. Sannan ba a rasa rai a cunkoson ba, amma yabon wannan na taron ne da ya yi haƙuri. Masana cunkoso sun ce mutum 4 a murabba'in mita ɗaya shi ne iyakar layin da ke tafiya, idan aka haura 6 mutum ba ya iya sarrafa jikinsa, taron ne ke ɗaukarsa. Ramin da ke da mafita gaba da baya kawai, da wani ya yi ihun ƙarya a cikinsa, da labarin ya sha bamban. A filin wasa na Olembe da ke Yaounde, ranar 24 ga Janairun 2022, turmutsutsu a bakin ƙofa ya kashe mutum 8 a wasan Kamaru da Comoros.

Yadda aka bi da koke bayan bikin shi ma ba abin a zo a gani ba ne. Babban dogarin Majalisar Dattawa na lokacin, Terrance Gainer, ya nemi afuwa, ya kiyasta waɗanda suka rasa shiga da dubu 4 zuwa 5, adadin da yawancin waɗanda abin ya shafa suka ce ya yi kaɗan ƙwarai. Sun buɗe zaure a Facebook suna tara hotuna da bidiyo, abin da ya hana a shashantar da maganar. Feinstein ta nemi a yi bincike. Diyyar da aka ba mutane ita ce kayan tunawa: kwafin takardar gayyata, jadawalin biki da hotuna. Ga wanda ya biya kuɗin jirgi da na masauki a makon da ɗakunan Washington suka yi tsadar gaske, wannan bai taka kara ya karya ba. Tun da tikitin kyauta ne, babu kuɗin da za a mayar, babu kuma wanda doka ta ɗora wa biyan asara. Ko a nan hukumomin Amurka sun fi hukumomin Faransa, waɗanda bayan wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai a Stade de France ranar 28 ga Mayun 2022 suka fara da ɗora laifi kan tikitin jabu na magoya bayan Liverpool. Can ma matsattsiyar hanyar ƙarƙashin gada ce ta tara mutane, aka jinkirta wasa da minti 36, aka harba hayaƙi mai sa hawaye. Rahoton bincike mai zaman kansa na Fabrairun 2023 ya ce UEFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, ce ke da babban alhaki, daga baya ta amince ta mayar wa magoya bayan Liverpool kuɗin tikitinsu.

A bikin rantsar da Obama karo na biyu a 2013, lokacin da Sanata Chuck Schumer ke shugabantar kwamitin, an gyara abubuwa da dama: an rufe hanyar ƙarƙashin Third Street, an ƙara na'urori da alamomi da masu nuna hanya. An samu sauƙi, sai dai taron bai kai na 2009 ba, don haka gyaran bai fuskanci irin wancan nauyi ba. A 2025 kuma masu tikiti sun sake rasa wuri ta wata fuskar. Saboda tsananin sanyi aka mayar da rantsar da Donald Trump cikin ginin Capitol kwana uku kafin ranar, tikiti sama da 200,000 suka zama na tunawa, zauren Capital One Arena da aka buɗe don kallo kuwa kusan mutum 20,000 yake ɗauka.

Wanda ya samu irin wannan tikiti nan gaba, ya je ya ga ƙofarsa da idonsa tun ana gobe, ya san titin da ke kaiwa gare ta kai tsaye da tashar da ke ɓangarenta, don kada ya buƙaci ƙetara filin da safe. Ya bar jaka a masauki, ya tara ƙarafan aljihunsa a wuri ɗaya kafin ya iso na'ura. Kada ya shiga layin da ba ya ganin kansa sai wani cikin abokan tafiyarsa ya taka ya tabbatar inda ya nufa. Idan minti 30 suka wuce layin bai matsa ba, ko ya ga ba ya iya ɗaga hannunsa zuwa fuskarsa saboda matsi, ya zame ta gefe ya nufi allo mafi kusa tun da sauran lokaci.