Nasi lemak, roti canai ko nasi kandar: wanne za ka kashe wa ringgit ɗinka (kuɗin Malesiya)?

Wanda ya sauka Kuala Lumpur don karatu ko sayayya ba zai kwana biyu ba sai ya ci karo da waɗannan ukun. Su ne cimar yau da kullum ta mutanen Malesiya, kuma kowanne da lokacinsa da irin cikin da ya dace da shi.

Nasi lemak shi ne abin alfaharinsu. Shinkafa ce da ake dafawa da madarar kwakwa da ganyen pandan mai ƙamshi, a ɗora mata soyayyun ƙananan kifi, gyaɗa, kokwamba da ƙwai, sannan a zuba sambal, wato miyar barkono, a gefe. Da safe za ka gan ta a ƙunshe cikin ganyen ayaba a bakin titi, da arha sosai. Sai dai ka shirya wa sambal ɗin: yana da yaji, amma akwai sukari a ciki, kuma galibi ana sa masa belacan, wato daƙaƙƙen jatan lande da aka bari ya yi tsami. Wanda ya saba da yaji tsantsa zai ji baƙon ɗanɗano a karon farko, wanda kuma jikinsa ba ya karɓar abincin teku ya tambaya kafin ya ci. Ƙaramin ƙunshi ba ya kai mutum azahar, sai an ƙara da soyayyar kaza.

Roti canai ya fi sauƙin shiga baki. Za ka ga mai yinsa yana wurga ƙullin fulawa a iska har ya yi siriri, ya ninke shi, ya gasa a faffaɗan tanda da mai. Ana ci da miyar dal (wani nau'in wake) ko romon kori. Roti kosong shi ne wanda ba komai a ciki, roti telur kuma mai ƙwai. Gidansa shagunan mamak ne, na Musulmi 'yan asalin kudancin Indiya, waɗanda da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Abokin tafiyarsa teh tarik ne, shayin madara da ake juyawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Zaƙinsa ya wuce misali, don haka ka ce "kurang manis" a rage. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adar karin kumallon Malesiya, da nasi lemak da roti canai da teh tarik a ciki, cikin jerin al'adun gado na duniya.

Amma in don ƙoshi ne, ni nasi kandar zan nuna wa Bahaushe. Asalinsa daga tsibirin Pinang na Malesiya ne, inda Musulmi Tamilawa ke ɗaukar shinkafa da miya a sanda bisa kafaɗa suna talla. Farar shinkafa ce, kai za ka nuna abin da za a ɗora: kaza, naman sa, rago, kifi, kuɓewa, kabeji. In ka ce "banjir", za a kwarara maka romo kala-kala har shinkafar ta nutse, kuma a nan daɗin yake. Babu zaƙin da ke damun baƙo, ga nama a wadace. Matsalarsa kuɗi: kowane yanki da farashinsa, kuma sai an gama zubawa ake lissafi. Jatan lande manya da kan kifi su ne ke kumbura kuɗin. Ka tambayi farashi kafin a ɗora, ba abin kunya ba ne.

Akwai kuma char kway teow, soyayyar taliya mai faɗi da kowa ke yabo. A rumfunan Sinawa sau da yawa ana soya ta da kitsen alade, wani romo da ake kira bak kut teh kuwa na naman alade ne gaba ɗaya. In kana son ɗanɗana taliyar, nemi rumfar Malayawa ko wurin da ke ɗauke da tambarin halal na JAKIM, hukumar kula da harkokin Musulunci ta ƙasar.