Manhajar farashi da na saka wa kantinmu: rangwamen haɗin kaya ya yi kyau har ranar da aka dawo da kaya

Wata huɗu kenan ina amfani da wannan manhajar ta saka farashi da rangwame, kuma da a satin farko aka ce in ba ta maki wallahi taurari biyar zan danna ba tare da wani tunani ba. Kayan waya muke sayarwa, caja, kebul, abin kunne, kes da gilashin fuska, irin kayan da mutum ba ya cika ɗaukar guda ɗaya ya tafi, shi ya sa abin da ya ja ni gare ta tun farko shi ne ɓangaren haɗin kaya, wato ka ce wanda ya sayi uku mafi arahar cikinsu kyauta ne, ko caja da kebul tare a cire kashi 15. Kafin nan da kalkuleta muke yi, kowace kashiya da irin nata lissafin.

Gaskiya sai in faɗi alherinta tukuna. Tana da wajen gwaji inda za ka zuba kaya a kwando na ƙarya ka ga abin da zai fito ba tare da ya taɓa sitok ko rahoton ciniki ba, kuma na zauna dare biyu ina gwadawa. Na haɗa rangwamen kashi 10 da na kashi 20 a kan kaya ɗaya, ta ba ni kashi 28, kuma haka ne daidai domin na biyun a kan abin da ya rage yake hawa, 100 ya koma 90, 90 ya koma 72, ba 70 ba kamar yadda yawancin mutane ke zato. Har ta nuna min a layi wanne ya fara shiga. Na gwada cire tsabar 10 da kuma kashi 10 a kan kayan 200, idan tsabar ta fara 171 ne idan kason ya fara 170 ne, ta bar ni na zaɓi wanda nake so. Na ji daɗin wannan sosai, na ce to na samu abin da nake nema.

Duk gwajin nan da na yi na sayarwa ne. Ban gwada dawo da kaya ba, kuma wajen gwajin nasu ma ba shi da maɓallin dawo da kaya kwata-kwata, wanda shi ne babban abin da nake ƙorafi a kai.

Ga yadda abin ya faru. Zan sa lambobi masu sauƙi don kowa ya bi ni. Mun saka garaɓasar sayi uku mafi araha kyauta. Wani kwastoma ya ɗauki kaya uku, a ce na 100 da na 60 da na 40, ya biya 160, na 40 ɗin ya tafi a kyauta, komai lafiya. Bayan kwana biyu ya dawo da na 100 ɗin ya ce bai dace da wayarsa ba, kuma haƙƙinsa ne, kayan ko buɗe shi bai yi ba. Kashiya ta yi sikanin rasit, manhaja ta ce a mayar masa da 100 cif, ta ƙirga ta ba shi. Yanzu ku duba, mutumin nan ya tafi da kayan 60 da na 40, kayan 100 kenan, a kan 60 kacal, alhali kaya biyu ne a hannunsa, kaya biyu kuwa ba su cika sharaɗin garaɓasar ba. Shi bai yi laifin komai ba, ita ma kashiyar abin da allo ya nuna mata ta bi.

Ni ban ma lura ba sai ƙarshen sati da nake duba riba na ga layin kebul ya zauna ƙasa da uwar kuɗinsa. Na ɗauka sata ce, kuma wannan ne ya fi ci min rai a duk lamarin, domin na kwana ina zargin yaran da suke aiki da ni tsakani da Allah. Da safe na tara su ina tambaya, ɗaya daga cikinsu ta ce Oga don Allah ka duba rasitan dawo da kaya kafin ka yanke hukunci. Na duba, na samu irin wannan har sau da dama a cikin sati biyu. Na ba su haƙuri a gaban kowa, amma har yau idan na tuna fuskar yarinyar nan lokacin da nake tambayarta raina ɓaci yake.

Abin da na fahimta daga baya shi ne tambayar nan ta nawa za a mayar masa tana da amsa uku, kuma kowacce akwai masu bin ta. Ko a mayar da 100 kamar yadda manhajar ta yi, shago ya ɗauki asara. Ko a raba rangwamen a kan kayan uku gwargwadon farashinsu, tunda 40 cikin 200 kashi 20 ne, to na 100 ya zama 80, na 60 ya zama 48, na 40 ya zama 32, sai a mayar masa da 80. Ko kuma a sake lissafin kwandon gaba ɗaya, a ce kaya biyun da suka rage kuɗinsu 100 ne ka biya 160, ga 60 ɗinka. Ni ta tsakiyar na fi so don ita ce ba ta jawo gardama a gaban kanta, kowane kaya da kuɗinsa a rubuce a rasit tun ranar saye. Amma ko wacce ce, ai kamata ya yi manhaja ta tambaye ni ranar da nake saita garaɓasar, ba ta zaɓar min wadda ta fi cutar da ni ta yi shiru ba. Kuma juya abin ku gani, da na 40 ɗin ya dawo da shi sifili za ta ce a ba shi, tunda a wajenta duk rangwamen a kan wannan kayan ya sauka, sai ka tsaya kana yi wa mutum bayanin dalilin da ya dawo da kaya bai samu ko sisi ba.

Na rubuta wa masu kula da kwastomominsu, sai bayan kwana uku aka amsa, amsar farko ma kwafin wani shafin taimako ne da bai shafi tambayata ba. A karo na biyu na haɗu da wani da ya san aikinsa, ya nuna min cewa akwai setin raba rangwame a kan kaya, yana can cikin ɓangaren haraji, ba cikin ɓangaren rangwame ba, kuma a kashe yake zuwa. Da na tambayi me ya kai shi can ya ce saboda idan kayan da ke cikin haɗin ba harajinsu ɗaya ba dole a san nawa ne ya sauka a kan kowanne kafin a lissafa VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya. Maganarsa gaskiya ce, na yarda, a ƙa'idar VAT ta Tarayyar Turai ma rangwamen da aka bayar lokacin ciniki ba ya shiga cikin kuɗin da ake ɗora wa haraji, don haka rabon yana da muhimmanci. Amma wa zai je neman maganin dawo da kaya a ƙarƙashin haraji? Na kunna, matsalar ta tsaya, na ce to taurari huɗu, laifin ɓoye setin ne kawai.

Sai dai tunda abin ya faru na daina yarda da ita ido rufe, na koma wajen gwajin da mugun nufi, nan kuma na ci karo da wani. Na zuba kaya shida, 100, 90, 80, 30, 20, 10, jimla 330, garaɓasar dai ita ce. Da na yi sikaninsu daga babba zuwa ƙarami ta haɗa ukun farko ta cire 80, ta haɗa ukun ƙarshe ta cire 10, kuɗi ya zama 240. Na share na sake, wannan karon a cakuɗe, 100, 10, 90, 20, 80, 30, sai ta cire 10 da 20 kawai, kuɗi 300. Kaya iri ɗaya, kwando ɗaya, bambancin 60, kuma abin da ya raba su kawai wanda hannun kashiya ya fara kaiwa gare shi. Ashe bin layin sikanin take tana yanka uku-uku. Wato mutum biyu za su sayi abu ɗaya a rana ɗaya ɗaya ya biya fiye da ɗaya, idan suka haɗu suka gwada rasit mu za a kira macuta. Wannan kam babu setin da ke gyara shi, sun ce sun tura wa injiniyoyinsu, wata biyu kenan. A yanzu dokar da na kafa ita ce a jera kaya daga mai tsada zuwa mai araha kafin a fara sikanin, tunda ko ba mu yi haka ba mai wayo zai raba sayayyarsa rasit biyu ya samu 90 ɗinsa, gara kowa ya samu. To amma aikin da na sayi manhaja ta ɗauke min kenan na mayar wa mutane.

Akwai kuma ɗan ƙaramin da ke damuna duk ƙarshen wata. Idan ka saka uku a 100, tana raba shi 33.33 sau uku, wanda ya ba da 99.99, rasit ya ce 100 rahoton kaya ya ce 99.99, ɗigon nan yana taruwa har lissafi ya ƙi haɗuwa. Wani abokina mai rubuta manhaja ya nuna min a kwamfutarsa cewa ko 0.1 da 0.2 ka haɗa a yawancin yarukan kwamfuta 0.30000000000000004 ke fitowa, saboda tsarin IEEE 754 da ake bi tun 1985 wajen ajiye lambobi masu ɗigo, ya ce shi ya sa masu hankali ke ajiye kuɗi a ƙaramin ɓangarensa, kamar kobo, a matsayin cikakkiyar lamba, ragowar ɗayan kuma a ɗora wa kaya guda ya zama 33.34. Gyaran bai kai ya kawo ba kenan, amma ba su yi ba.

Taurari biyu nake ba ta, da na so in ce uku saboda saurinta da yadda take nuna jerin rangwame, amma duk lokacin da na tuna safiyar da na tara yaran nan sai in kasa. Ban cire ta ba tukuna don kwashe kaya sama da dubu zuwa wata manhajar ba wasa ba ne, kuma kuɗin shekara na biya. Wanda zai saya, kafin ka saka garaɓasa ko ɗaya ka yi ciniki na gaske da kuɗinka, kaya uku masu farashi daban-daban, ka dawo da mai tsadar ka ga nawa ta ba ka, ka sake ka dawo da na kyautar, sannan ka ɗauki shida ka yi sikaninsu sau biyu a jeri daban. Ni yanzu duk daren da za mu fara sabuwar garaɓasa sai na yi waɗannan ukun da hannuna kafin in rufe kanti.