Hattara da masu tallar "kashin dinaso" a Kano

Jama'a, musamman manoma da masu ɗan jari a hannu, a yi hattara da masu yawo da wasu duwatsu masu kama da kashin dabba da garinsu a leda, suna tallarsu a WhatsApp da Facebook da bakin kasuwa da sunan kashin dinaso, wato manyan dabbobin da suka ƙare tun miliyoyin shekaru. Manomi su ce masa, "Baba, kwano ɗaya ya ishi kadada, ka huta da sayen kamfa." Mai kuɗi kuma su ce masa, "Alhaji, ajiye wannan, Turawa na zuwa saye da dala." Abin da ya sa maganar take shiga kunne shi ne akwai gaskiya a gindinta, sai dai an ɗora mata ƙarya.

Kashin dabba yana iya zama dutse. Idan ya faɗa cikin laka aka binne shi da wuri kafin ya ruɓe, ma'adinai kan maye gurbinsa a hankali. Masana suna kiransa kofrolait, sunan da William Buckland ya raɗa masa a 1829, bayan Mary Anning ta lura da irin waɗannan duwatsu a cikin kwarangwal ɗin dabbobin teku a Lyme Regis ta Ingila. Mafi yawan waɗanda ake samu na dabbobi masu cin nama ne, domin ƙashin da suka ci (ƙashin jiki, ba kashi ba) shi ke ba da sinadarin fosfet da ke daskarar da shi. Na masu cin ciyawa bai cika tsira ba. Darajarsa wurin masana ita ce abin da ke cikinsa. Wanda aka tono a Saskatchewan ta Kanada a 1995, mai tsawon santimita 44, cike yake da gutsattsarin ƙashi, ya nuna yadda dinaso mai cin nama yake farfasa ƙashin abin da ya kama.

Batun taki ma yana da asali. Daga shekarun 1840 an yi ta haƙar duwatsun fosfet a gabashin Ingila don yin taki, har yau akwai titin da ake kira Coprolite Street a garin Ipswich. Amma ga inda mai talla yake tsallakewa: ba niƙawa kawai ake yi a watsa a gona ba. Sai an jiƙa garin da asid mai ƙarfi, irin wanda ake tsarmawa a yi ruwan batir, kafin fosfet ɗin ya zama mai narkewa a ruwa. Hanyar da John Bennet Lawes ya yi wa rajista ke nan a 1842, kuma abin da take fitarwa shi ne takin supa da muka sani. Wato abin da suke cewa sabon sirri ne, buhun supa ya riga ya ƙunshe shi a sigar da saiwa za ta iya sha.

Garin dutsen fosfet da ba a sarrafa ba yana aiki ne a ƙasa mai tsami sosai, wadda awonta na pH ya yi ƙasa da 5.5, mai riƙe danshi, kuma a hankali yake sakin abincin, wani lokaci sai damina ta zagayo. Jigawar da ake noma gero da gyaɗa a kewayen Kano, da gajeriyar daminarmu, ba wurinsa ba ne. Sannan babu naitirojin a cikinsa, babu fotash na kirki. Yawancin abin da ke sa kashin shanu ko na kaji ya zama taki ya tafi tun zamanin da ba a san adadinsa ba, saura dutse.

A yi lissafi. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na kowane ɗaya daga sinadarai uku: naitirojin da fosfet da fotash. Kadada ɗaya ta masara tana neman kimanin kilo 60 na fosfet, wato buhu takwas, ban da yuriyar da za a ƙara. Ko da kwanon garin nan ya kai kilo 4, ko da kashi ɗaya cikin uku nasa fosfet ne zalla, bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Wanda ya dogara da shi zai ga sakamako mako uku zuwa huɗu bayan shuka: ganyen ƙasa ya yi rawaya saboda rashin naitirojin, gefen ganye ya yi shuni saboda rashin fosfet, kara ya tsumbure. A lokacin taki ya yi tsada, mai talla kuma ya kashe waya.

Wannan fa idan garin na fosfet ne. Sau da yawa marmara ce aka daka, ko toka da jar ƙasa. Duwatsun kuwa ko dai dunƙulen marmara ne mai siffar tutu, irin wanda ba ya wuyar samu a ramukan da ake ɗibar ƙasa, ko yumɓu da siminti da aka murza da hannu aka shanya. Duk wanda ya ce a Dala ko Goron Dutse ya tono nasa, maganarsa ta ƙare. Birnin Kano yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri wanda ba ya adana ragowar halittu, kuma waɗannan tuddai biyu marmara ce ta rufe kansu. Inda ake samun fosfet da haƙoran kifi da kofrolait na gaske shi ne wurin da teku ta taɓa kwanciya, kamar yankin Dange a Sakkwato da Tawa a Nijar. Ko na Dange ɗin ma ba na dinaso ba ne, domin duwatsun wurin sun samu ne bayan ƙarewar dinaso shekara miliyan 66 da suka wuce.

Kafin a ciro ko sisi, a nemi a fasa guda ɗaya. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. A jiƙa ɓari a kofin ruwa ya kwana, idan yumɓu ne da ƙaro zai saki ya zama laka. A goga wani ɓarin a bayan tayil, wurin da ba shi da sheƙi: layi ja ko ruwan ƙasa alamar ƙarfe ce, wato marmara. A kanga shi a wuta, idan ya yi hayaƙi da wari busasshen kashi ne na bara. A duba fuskar da ta fashe da gilashin ƙara girma, ana neman ɓawon kifi ko 'yan gutsattsarin ƙashi masu sheƙi. Gwajin lasa da harshe da suke nunawa a bidiyo ba hujja ba ne, busasshen yumɓu ma yana kama harshe. Waɗannan gwaje-gwaje suna tona jabu ne kawai, tabbatar da na gaske sai ɗakin awo, kuma ana iya tuntuɓar sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Bayero.

Ɓangaren "Turawa za su saya" ya fi cin kuɗi. Mutum na farko ya sayar maka da guda biyar. Kwana biyu wani ya kira, ya ce shi wakilin mai saye ne daga waje, yana son guda ɗari a ninkin farashi, ya ma turo ɗan kafin alƙalami. Ka koma ka kwashe duk abin da na farko yake da shi, sannan a ce sai an biya kuɗin takardar shaida da na fito. Bakinsu ɗaya. Ƙananan kofrolait na gaske ba su da wata tsada a kasuwannin waje, kuma wanda aka raba da ramin da ya fito, ba a rubuta wuri da zurfi ba, ya rasa yawancin amfaninsa ga masana. Ban da haka, dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta lasisi ga mai saye da fitar da ma'adinai, don haka mai tara buhuna a ɗaki yana iya jawo wa kansa wata fitinar.

Dokar ingancin taki ta 2019 ta ce a sayar da taki da rajista da lakabi mai nuna abin da ke ciki. Leda marar suna, marar nauyi, marar lambobi, a bar ta. Wanda ya riga ya saya kada ya zuba a gona duka: ya ware kunya goma da garin, goma da takin da ya saba, goma babu komai, ya nuna wa malamin gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jihar Kano. Wanda kuma ya tura kuɗi ya adana rasit da lambar asusu da saƙonnin murya, ya sanar da bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara ofishin 'yan sanda ko na EFCC.